Bappa Bobboyi, mutumin da ya tone furen da ya shuka

Kafin rana ta leƙo unguwar Demsawo a Jimeta, Bappa Bobboyi ya riga ya jiƙa rabin lambunsa. Ba wani babban wuri ba ne. Fili ne siriri tsakanin kwalta da katangar wata makaranta, an jera ledojin fiya-wata da gwangwanayen tumatir, kowanne da ƙasa a ciki da ɗan reshe a kafe. Ni Ya'u tela, shagon ɗinkina yana tsallaken titi, muna fuskantar juna shekara ashirin da uku, don haka ina sanin motsinsa ko ban ɗaga kai daga keke ba. Da gwangwani mai huji yake ban ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba. Rana na yin sama zai ajiye, ya ce ruwan tsakar rana a Yola dafa saiwa yake yi. Daga nan sai ya zauna a kan bokitin da ya kife, yana cuɗa takin shanu da ake kawo masa daga Yolde Pate da yashin bakin Binuwai.

Kowace shekara, cikin zafin Afrilu, yakan ware ɗaya daga kowane irin dashe ya hana shi ruwa kwana goma. Wanda ya ɗaga kai bayan an sake ba shi ruwa, irinsa yake ba mutane. "Wannan ɗan Yola ne," yake cewa. "Wancan baƙo ne daga Jos, sanyi yake nema, kada ki wahalar da kanki."

Amma tambayoyinsa ne suka fi yin suna. Mace za ta tsayar da mota ta nuna fure da yatsa.

"Bappa, waccan mai jan nake so."

"To Madam. Ruwa daga ina kina samu, bohol ne ko 'yan garuwa?"

"Bohol."

"Yara nawa a gidan? Akwai akuya? Waye yana girki, ke ko 'yar aiki? Da itace ko da gas?"

"Bappa, fulawa na zo saya, ba aurena za ka yi ba."

Wasu su yi dariya su amsa, wasu su ja tsaki su tafi. Shi ko a jikinsa. Wadda ba ta da ruwa zai ba ta lalle ta yi shinge. Mai katanga mai tsawo zai ba ta fulawar takarda, ya gargaɗe ta da ƙayarta. Mai inuwa iksora. Mai bohol habiskus, ya ce ta kange shi don akuya tana ganinsa kamar yakuwa. Kariya kuwa, mai kumburarren gindin nan da mafarauta suka san dafinta, duk kyanta ba ya barin ta shiga gidan da ake hura wuta.

Ƙarshen watan nan Bappa zai ajiye gwangwaninsa. Gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo. Ya bar lambun a hannun Fadimatu, matar da ta shekara goma tana aiki tare da shi. Da na so in yi masa 'yar gajeruwar godiya kawai. Sai makon jiya wata mata ta zo gwajin riga a shagona, ta hango Fadimatu tana jera dashe, ta ce wa ƙawarta, "Wai mai tuwon guba aka bar wa wurin? Ni kam na daina saye." Matar ba ta ma unguwar lokacin da abin ya faru. Ashe sunan yana nan yana yawo a bayan Fadimatu, shekara goma, ni ina zaune nan ban sani ba. Idan aka ƙi saye a hannunta, lambun ya mutu, ita kuma ba ta da wani wurin zuwa.

Ina wurin ranar. Ga abin da na gani.

Bayan Mubi ta faɗa hannun mayaƙa a ƙarshen Oktoba na 2014, mutane suka riƙa kwararowa Jimeta, wasu a mota, da yawa a ƙafa. Baba Apollos, tsohon hedimasta da ke bayan layinmu, ya buɗe ƙofarsa bai tambayi kowa addini ba. Cikin mako guda gidan da ke da mutum shida ya koma arba'in da wani abu. A cikinsu akwai Fadimatu. Ita kaɗai ta zo, ba miji, ba ɗa, ba ko ƙunshin kaya. Daga wani ƙauye take can wajen duwatsu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, kuma babu wanda ya santa cikin waɗanda suka taho tare. Ba ta magana. Aiki kawai take yi, shara da wanke-wanke da girki.

Gidan Baba Apollos shi ne ya fi kowane gida kyau a layin, saboda shingen furanni da ya zagaye tsakar gidan. Dogayen itatuwa ne masu siraran ganye da fure ruwan hoda, ba sa zubar da ganye ko a tsakiyar rani. Bappa ne ya shuka su shekara goma sha biyar kafin nan. Oliyanda yake kiransu. Mu dai fulawar hedimasta muke cewa. A lokacin ita ce abin alfaharinsa. Kowa ya zo, ita yake fara nuna masa: ba ta son ruwa, ba ta tsoron rana, kuma akuya ba ta taɓa ta.

Ranar wata Alhamis, bayan azahar, na ji ihu. Da na isa, an riga an kwashi mutum tara a Keke Napep zuwa asibiti, har da Baba Apollos da kansa. Amai da jiri da murɗar ciki, wani tsoho ya faɗi bai san inda kansa yake ba. Duk waɗanda aka fara zuba wa tuwon rana ne. Fadimatu ce ta tuƙa.

Wanda bai zauna Jimeta a watannin nan ba, da wuya ya gane yadda muke. Kowace baƙuwar fuska abin tsoro ce. Kullum ana cewa an turo wasu sun saje da 'yan gudun hijira. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma kafin in ƙarasa shiga gidan maganar ta zama gaskiyar kowa: turo ta aka yi. An jawo ta tsakar gida, ɗankwalinta ya faɗi, an riga an dake ta. Haidar, bakanike ne, shi ke jagorantar 'yan sintirin unguwa, yana tsaye a kanta da gora.

"Me kika zuba? Wa ya aiko ki?"

Tana kallonsa tana girgiza kai.

Wata mata ta ce, "Ku tambaye ta me ya sa ita ba ta ci ba! Kowa ya ci, ita ba ta ci ba!"

Duk matan da ke wurin sun san mai girki ita ke ci a ƙarshe, idan ma ya rage. Ba wadda ta faɗa. Ni ma na sani, ina tsaye da tef ɗin awo a wuya, ban faɗa ba. Na ji wani daga baya yana cewa a kawo taya. Muryar wanda na sani ce, mutumin da nake yi wa ɗinkin Sallah.

Alhamis ce ranar da Bappa ke zuwa aske shingen. Ya shigo da almakashinsa na reshe a kafaɗa, ya tsaya. Bai kalli taron ba. Shingensa ya fara kalla, kamar yadda ya saba, kuma a nan ya ga abin da mu arba'in ba mu gani ba: an sare reshe ɗaya mai kauri daga gindi, saran ɗanye, ruwansa bai gama bushewa ba. Ya wuce murhu. Muciyar na jingine da tukunya, fara tas, sabuwar feƙewa. Ya ɗauka ya koma shingen ya ɗora gindinta a kan kututturen. Ta zauna daidai.

Ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. "Ku bar matar nan! Fulawa ne ya yi!"

Haidar ya juyo. "Wace fulawa, Bappa? Tuwon masara aka tuƙa, ba fanke ba. Babu fulawa a ciki."

"Ba na buhu ba, Haidar. Wannan." Ya nuna shingen da muciyar.

Wasu suka yi dariya, a tsakiyar wannan tashin hankali. Wani ya ce tsoho ya sha rana. Bappa bai kula su ba. Ya durƙusa gaban Fadimatu ya yi mata magana da Fulatanci, a hankali. Sai ga shi ta amsa. Kwana tara tana gidan, awa guda ana dukanta, ba wanda ya yi tunanin ya gwada wani yare. Ta ce muciyar gidan ƙarama ce, ta karye a tukunyar mutum arba'in, tuwo na kan wuta, sai ta ga reshe miƙaƙƙe ta sare ta fere. Ɓawon da ganyen ta tura cikin murhu. Bappa ya tambaye ta ko ba ta ji tsoron itacen da ba ta sani ba. Abin da ta ce, shi ya fassara wa taron da bakinsa: a garinsu abin da ke kisa a daji yake, ba a shuka shi a cikin gida kusa da murhu.

Akwai wata akuya ɗaure a bakin ƙofa, ta ɗaya daga cikin baƙin, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Bappa ya karyo reshe mai ganye ya kai mata baki. Ta sunsuna ta kau da kai. Ya bi ta da shi, ta ja da baya har igiya ta ƙare.

"Akuyan da yana cin leda da kwali," in ji shi. "Kun gani?"

Haidar ya ce, "Akuya ba shaida ba ce."

Daidai nan Debbie, 'yar Baba Apollos mai aikin jinya, ta dawo daga asibiti ɗaukar zannuwa. Bappa ya cusa reshe da fure da muciyar cikin buhu ya miƙa mata. "Ki kai wa likita. Ki ce oliyanda. Kada ki tsaya gaisuwa." Ta dube shi, ta dubi shingen da ta girma a gindinsa, ta juya da gudu.

Sannan ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya ajiye almakashinsa a gaban Haidar, ya zauna a ƙasa, a rana, tsakanin Fadimatu da taron.

"Idan guba kuna nema, ni na kawo shi gidan nan. Ni na shuka. Kuma na sani. Tsohon da ya koya mini aiki ya ce duk ranar da na yanka wannan itace in wanke hannu kafin in ci abinci. Shekara talatin ina wanke hannuna. Ban gaya wa hedimasta ba, ban gaya wa kowa ba, don kada a ƙi ɗauka. Ina cewa akuya ba ya ci, akuya ba ya ci, ban taɓa faɗin dalili ba. Wanda zai sa taya, ya fara da ni."

A ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa laifi don ya tsira, ga mutum ya jawo laifin da hannu biyu ya ɗora wa kansa, kuma ba ƙarya ya yi don ya cece ta ba. Gaskiya ya faɗa, gaskiyar da ba wanda zai taɓa tonowa da ya yi shiru. Taron da ya shirya ƙona baƙuwa zai iya ƙona shi. Ya san haka.

Kai ne, Bappa, ka zauna a wannan rana har la'asar ta wuce, ba hula, gumi yana ɗiga daga gemunka. Kai ne da aka kawo maka ruwa ka miƙa wa matar da ke bayanka. Mu masu ƙafa biyu da baki muna tsaye a inuwar shingen muna jira mu ga inda abin zai faɗi.

Wayar Haidar ta yi ƙara wajen ƙarfe biyar. Debbie ce. Ya ƙara sautin wayar don kowa ya ji. Ta ce likitoci sun gane itacen, sun ce shi ne, yana taɓa bugun zuciya, kuma sanin sunan ya sa sun san abin da za su yi. Duka taran suka rayu, har tsohon, bayan kwana biyar a gado. Taron ya watse ɗaya bayan ɗaya. Ban ji wanda ya ce wa Fadimatu ta yi haƙuri ba. Haidar ne kaɗai ya ɗauko ɗankwalinta ya kaɗe ya ajiye kusa da ita, bai iya kallon fuskarta ba.

Washegari da safe Bappa ya zo da diga. Shingen da ya shekara goma sha biyar yana rainonsa, wanda masu aure ke zuwa ɗaukar hoto a gabansa, ya tone shi har saiwa. Matan gidan suka ce a bar musu itacen ya bushe su yi girki, ana ƙarancin makamashi. Ya ce ko hayaƙinsa bai yarda da shi ba. Ya haƙa rami a bayan gari ya binne.

Na ɗauka a nan abin ya tsaya. Sai bara, muna shan inuwa, Fadimatu take gaya mini inda yake zuwa kowace Asabar da keke da diga a ɗaure, abin da na sha gani ban tambaya ba. Bappa bai iya karatu ba, ba shi da wani littafi, amma yana riƙe da duk gidan da ya taɓa shuka wa oliyanda a kansa. Ya bi su ɗaya ɗaya, Karewa, Bekaji, Dougirei, Jambutu, har cikin Yola wajen Yolde Kohi. Zai yi sallama, ya ce shi ya shuka wannan, yana da dafi, ya zo tonewa, ga fulawar takarda ko lalle a madadi. Wasu gidajen an sayar, sababbin masu gidan suka ɗauke shi mahaukaci. Wani maigadi ya sakar masa kare. Wata Hajiya ta ce, "Bappa, shekara ashirin tana nan ba ta kashe kowa ba, sai yau?" Ya ce, "Hajiya, na hedimasta ma sai da ya yi goma sha biyar." Ta rufe ƙofa. Ya koma wata mai zuwa, da wanda ke biye, har wata bakwai, sai da jikokinta suka zo hutu ta aika a kira shi. Shekara takwas ya yi yana wannan zagaye, da gwiwar da ke kumbura. Ni da nake ganin na san motsinsa, ban sani ba.

Fadimatu ba ta koma garinsu ba. Ba ta sami labarin mijinta ba har yau, kuma ba ta son a tambaya. Da baƙi suka fara watsewa daga gidan Baba Apollos, sai ta riƙa zuwa lambun tana ɗebo ruwa ba tare da an sa ta ba. Bappa ya nuna mata yadda ake yanka reshe a karkace, da yadda ake gane dashen da ya kama daga wanda ke yaudara da koren ganye. Yanzu hannunta ya fi nasa, shi ya faɗa. Hausarta ta zauna, har tana tsokanarsa. Jiya na ji tana ce masa, "Bappa, wannan iksora ne ka sa a layin lalle." Ya ce, "Adda, gwada ki nake." Ta ce, "Idon ne yana gwada ka."

Da na gaya masa zan rubuta wani abu a kansa, ya yi dariya. Ya san a gabansa na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito mini, ina dawowa da littafi a cikin ledar yadi.

"Yanzu Ya'u ka zama ɗan jarida?"

"A'a Bappa, godiya ce kawai."

Ya ci gaba da murza ƙasa. Sannan ya ce, "Ni me za ka rubuta? Na shuka abu, na tone. Idan biro ɗinka yana aiki, ka rubuta matar nan ba shi da laifi. Ni na faɗa da baki, iska ya kwashe. Kai ka sa a takarda."

To ga shi na sa, Bappa. Ni Ya'u tela, na Demsawo, ina tsaye a tsakar gidan ranar. Fadimatu ba ta zuba wa kowa komai ba. Muciya ta karye mata, ta sare reshe don mutum arba'in su ci abinci. Abin da ya kamata in faɗa da baki a ranar ke nan, na makara da shekara goma.

Useko, Bappa Bobboyi, godiya ke nan da Fulatanci. Mun gode da lallen da ke ƙamshi a gidajen da ba su da rijiya, mun gode da katangun da suka yi ja da fulawar takarda a tsakiyar rani. Mun fi gode maka da zaman da ka yi a ƙasa. Allah ya sauƙaƙa gwiwar, ya sa ka huta cikin jikoki. Masu sana'a irina, kowa ya san wani abu game da kayansa da ba ya gaya wa mai saye. Mu yi koyi da tsohon nan, mu faɗa tun ba a kai ga asibiti ba. Wanda kuma ya ga an taru a kan mutum ɗaya, ya san wata gaskiya ko ƙanƙanuwa ce, kada ya tsaya irin tsayuwata.

Ku kuma masu neman abin shukawa a gida, lambun yana nan inda yake, daga ɗaya ga wata Fadimatu za ku tarar. Idan kun je, ku zagaya ta hannun damanta ku yi sallama. Kada ku ce ta share ku. Kunnenta na hagu bai sake ji ba tun ranar Alhamis ɗin nan.